Giyar Alkama a Shekarar Fari

Shekarar da damina ta yaudare mu karo na biyu a jere, ina zaune wurin gwaggona, yayar mahaifina, a wani ɗan ƙauye tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari. Aurena na fari ya mutu, ban so in koma gidanmu a Gagarawa in zauna ana kallona ba, sai na ƙulle 'yan tsummokarana na tafi wurinta. Asalinmu Maguzawa ne. Mahaifina ya musulunta tun kafin a haife mu, ni da yayana cikin salla muka tashi, amma gwaggo ta ce ita inda ta tarar da iyayenta nan za ta mutu. Saboda haka suka daɗe ba sa magana da mahaifina.

Sana'arta dafa giya. Doguwa ce, baƙa, hannunta kamar na maƙeri, bakinta kullum da goro da garin taba. Duk ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, direbobin manyan motoci da 'yan koren shanu da ma'aikatan kan iyaka sukan ratso ta bayan gari su zauna a rumfarta. Ni ba na sha, amma tare muke komai da ita, daga ɗiban ruwa har tacewa.

A wannan shekarar dawa ta ƙare ƙaf a rumbuna. Mutane suka koma cin tafasa da yaɗiya, mata suna tona gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin da ke ciki. Shanu suna faɗuwa a bakin hanya, ungulaye sun ƙoshi har tashi yana yi musu wuya. Gwaggo ta kife tukwanenta a bayan ɗaki, muka zauna muna kallon juna.

Yayana yana tare da mu a lokacin. Ya yi yaƙin basasa, aka sallame shi saboda harsashin da ya same shi a ƙugu, ya dawo yana ɗingishi. Da can mutum ne mai barkwanci, amma wanda ya dawo mana ba shi da magana, ba ya son a biyo ta bayansa, ko ƙwarya ce ta faɗi sai ka ga ya zabura. Kowa Soja yake ce masa. Yana ɗan tsallaka iyaka da jakuna, ya kai wannan ya kawo wancan. Wata rana a tsakiyar bazara ya shigo da jakunansa ɗauke da buhuna masu rubutun da ba mu san shi ba. Irin hatsin agajin nan ne da ake kawo wa mutanen tsallake, ya ɓulla a kasuwa.

“Gwaggo, ɗaga tukwanenki,” in ji shi. “Na kawo miki aiki.”

Ta zura hannu a buhu ta ɗebo, ta sansana, ta tauna 'yan ƙwayoyi. “Wannan ai alkama ce, ɗan nan. Ta alkaki da taliya. Wa ya taɓa dafa giya da alkama?”

“Turawa suna yi. Kukun wani hafsanmu ya faɗa mini. Fara ce tas, da kumfa a kai.”

“Turawa a ƙasarsu ta sanyi. Nan kuwa ko ƙwai ka ajiye a rana sai ya dahu.”

Na ce, “Yaya, me zai hana mu niƙa abarmu mu ci?”

Ya ce za a ware mana na ci. Amma idan muka cinye duka, ranar da ta ƙare mun koma bin tafasa, alhali giya ita ce za ta jawo wani buhun. Gwaggo ta yi ta murza alkamar a tafinta. Wata da watanni ba ta hura wutar giya ba, na kuma san hannunta yana yi mata ƙaiƙayi. Kashegari ta ce in ɗebo ruwa.

Da dawa, sai a jiƙa ta, a shimfiɗa, a rufe, ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, sannan a shanya a niƙa. Haka muka yi wa alkamar, ita kuwa ta ƙi. Fatarta ba ta da kauri, ta sha ruwa ta kumbura, zafin ɗakin ya kama ta, kafin tsiron ya fito ta yi yauƙi da baƙin hunhuna, tana wari kamar tsohon miki. Muka wanke abin da zai wanku muka dama kunu, muka sha muna toshe hanci. Gwaggo ta ɗauki abin kamar faɗa tsakaninta da alkamar nan. Ta sa muka kwaso yashi muka zuba a ɗakin da ya fi inuwa, muka jiƙe shi, muka rataya jiƙaƙƙun buhuna a ƙofa. Ta rage tsawon jiƙon, ta shimfiɗa alkamar sirara, tana shiga tana juyawa da hannu kamar mai duba jariri. A karo na biyu ta tsira, fara fes, da ɗan zaƙi idan ka tauna.

Da muka shanya tsiron a tabarmi a tsakar gida, matan babban ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu suna wucewa zuwa rijiya. Dangarmu gajera ce. Sai su tsaya da tulunansu a ka, su yi ta kallon tabarmin. Ɗaya ta yi ƙarfin hali ta roƙa, gwaggo ta cika mata ƙoƙo. Sauran suka wuce.

Dahuwar ma da tata wahalar. Ƙullun alkama danƙo ne da shi, ya toshe mataci, ruwan ya ƙi sauka, sai da gwaggo ta cuɗa ƙaiƙayin gero a ciki sannan ya fara ɗiga. Bayan an sauke daga wuta kuma ya ƙi hucewa, don iskar kanta zafi ce, sai muka binne tulunan a jiƙaƙƙen yashi har wuya. Da ya huce ta zuba busasshiyar diddigar tsohuwar giyarta, wadda take ajiyewa don ta tayar da sabuwa. Giyar dawa takan tashi a hankali. Wannan kuwa kafin a jima ta haukace, kumfa ta ture faifan da muka rufe tulun da shi tana bin gefensa, tana ƙara kamar ana soya abu. Gidan ya cika da ƙamshi irin na ayabar da ta nuna ta zarce. Gwaggo ta kurɓa a ludayi, ta juya a baki, ta tofar.

“'Yar banza ta yi daɗi,” in ji ta.

Labari ya bazu, rumfa ta sake cika. Aibinta ɗaya: idan ba a shanye ta ranar da ta nuna ba, kashegari ta zama tsami kamar ruwan tsamiya. Nan ne yayana ya kawo shawarar kwalabe. Ya tattaro kwalaben giyar kamfani daga wurin ma'aikatan kan iyaka, ya ce idan aka ɗura ta tun tana tashi aka toshe, za ta daɗe, ta kuma yi kumfa irin ta Turawa. Ya fiƙe 'yan itatuwa ya yi marafai, ya ɗaure kowanne tamau da robar tayar keke.

Gwaggo ta ce, “Ɗan nan, abin nan numfashi take yi. Ka toshe mata baki a wannan zafin, ta ina za ta fita?”

Bai saurare ta ba. Ya jere kwalaben a ɗakinsa.

Ranar Alhamis da azahar rana ta take, ko tsuntsu ba ya motsi. Cikin mutanen da ke rumfa akwai wani dillalin shanu daga babban ƙauyen nan, mai ƙiba da babbar murya. A shekarar da kowa ya rame shi ya yi tumbi, don yana sayen shanun makiyaya da suke gab da faɗuwa a wulaƙance. Ya saba tsokanar yayana, yana kwaikwayon tafiyarsa. Ya ce, “Soja, ina ta kwalbar da ake ta labari? Kawo mu gani.”

Yayana ya shiga ɗaki. Ina wanke ƙoƙuna na ji ƙara, tau, kamar bindiga. Sai wata, sai wata, suka kama fashewa a jere. Yayana ya faɗo daga ƙofa a kan cikinsa, fuskarsa duk jini, yana jan jiki da gwiwar hannu zuwa gindin turmi, yana ihu, “Ku kwanta! Ku kwanta! Sun zagaye mu!” Yana kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba. Mutanen rumfa sun firgita da farko, amma da suka ga kumfa tana malalowa daga ɗakin suka gane abin da ya faru. Wani ya fara dariya, sauran suka kama. Dillalin har da bugun cinya, hawaye yana zuba.

“Ashe haka kuka yi yaƙin? Jama'a, ku ga soja, kwalba ta kwantar da shi!”

Yayana ya daina ihun. Ya miƙe a hankali, ya ɗauki taɓaryar da ke jingine da turmin. Dillalin yana cikin dariya yayana ya sauke masa ita a kafaɗa, na ji ƙashi ya ce ƙas. Bugu na biyu ya same shi a muƙamuƙi. Ya kife daga kan kujera, yayana ya bi shi yana ta kirɓa kamar mai sussuka. Gwaggo ta rungume shi ta baya, ya watsar da ita ta bugu da ginshiƙin rumfa. Na kama ƙafarsa mai ɗingishi, ya ja ni a ƙasa. Sai da direbobi suka taru suka danne shi sannan aka ƙwace taɓaryar. Aka ciccibi dillalin zuwa mota, haɓarsa ta karkace gefe guda, jini yana dalala a gaban rigarsa. Da aka watse na share rumfar, na tsinci haƙoransa a cikin yashi.

Gwaggo ta ce wa yayana ya ɗauki jakinsa ya tsallaka iyaka tun rana ba ta faɗi ba. Ya ƙi. Ya zauna a kan turmi, na ɗauko matsefata ina cire masa gutsattsarin kwalba daga kumatu da goshi. Ko motsi bai yi ba. Can ya ce, “Ƙanwata, wallahi ban san shi nake bugu ba.”

Akwai ƙullun da muka riga muka jiƙa, idan ba a dafa shi ba zai lalace, saboda haka da safe gwaggo ta ɗora babbar tukunya. Da hantsi, tana tafarfasa, muka hango su tafe ta cikin gonaki. A gaba ƙannen dillalin ne da gorori, ƙartai masu jini a jika. Bayansu mazan ƙauyen, ramammu, waɗansu da sanduna, waɗansu da fartanya. Can baya kuma mata da yara. Ba dillalin ne ya fito da yawancinsu ba, don ba wani son sa suke yi ba.

Wani dattijo manomi ya shigo gaba. Gwaggo ta san shi tun ƙuruciya, ita ce ma take haɗa wa matarsa maganin ciwon gaɓɓai. Ya ɗaga hannu, mutanen suka tsaya a bakin danga.

“Baiwar Allah,” in ji shi, “shekara da shekaru muna zaune da ke, ba mu taɓa ce miki don me ba. Addininki naki, sana'arki taki. Amma a watan nan jikokina biyu na kai makwanci da hannuna. Ke kuwa kina dafa hatsi ƙartai su sha su fitsarar.”

Gwaggo tana tsaye da ludayi a hannu. Ta ce, “Malam, na ji. Allah ya ba ka haƙuri. Ga abin da ya rage can a ɗaki, ku ɗauka ku raba, har da tsiron da ke tabarma. Amma yaron nan ku bar mini shi. Ba shi da lafiya, kai ma ka sani.”

Na ga dattijon ya sunkuyar da kai, na ga waɗansu daga cikin mazan sun sauke sandunansu. Sai babban ƙanen dillalin ya ture danga ya shigo, yana cewa shi ba hatsi ya zo nema ba. A daidai nan yayana ya fito daga ɗaki da adda.

Abin da ya biyo baya bai daɗe ba, amma har yau ina iya ganinsa gaɓa-gaɓa. Yayana ya sari mutumin a dantse, naman ya buɗe fari kafin jini ya zo. Wani ya zagayo ta bayansa ya maka masa gora a ƙeya. Ya durƙusa, ya sake miƙewa yana kai sara ko'ina, aka daki ƙafarsa mai ciwo ya faɗi. Suka rufe shi. Ba na ganinsa, sai gororin da ke tashi suna sauka, da wata ƙara kamar ana bugun jiƙaƙƙen buhu. Na kutsa tsakaninsu na faɗa a kansa, ina cewa ku ji tsoron Allah. Gora ta same ni a baki, na ji gishiri da tsakuwa a harshena, wata ta same ni a kafaɗa hannuna ya mutu. Wani ya ja ni da gashi ya jefar gefe.

Daga inda nake kwance na ga gwaggo. Ta kamfato tafasasshen ruwan nan a ludayi ta watsa musu, ta sake kamfata ta watsa, tana zaginsu da sunayen iyayensu. Suka dare. Ɗaya ya dafe fuska yana kururuwa, yana juyi a wuri ɗaya. Ɗan'uwansa ya ɗauki taɓarya ya yo kanta. Ta kauce ta bayan murhu, taɓaryar ta sauka a cikin tukunyar. Tukunyar ta tsage gida biyu, duk abin da ke ciki ya kwararo mata daga ƙugu har ƙafa.

Ban taɓa jin mutum ya yi irin ƙarar da ta yi ba. Ta faɗi cikin ruwan, tana ƙoƙarin tuɓe zanen da ya manne mata, fata tana biyo shi. Wani ya zari itace mai wuta daga murhu ya cusa a jinkar ɗaki. Ciyawar ta bushe ƙayau, nan da nan wuta ta kama har rumfa, sauran kwalaben da ba su fashe jiya ba suka shiga fashewa.

Matan nan kuwa sun shigo ta inda dangar ta faɗi. Ba su dubi wuta ba, ba su dubi jini ba. Suka dira a kan tabarmi suna kwasar tsiro a bakin zane, suna ture juna. Biyu suka shiga ɗakin da hayaƙi ya cika suka jawo buhu, ya yage, suka durƙusa suna tattarawa har da ƙasa. Wata mai goyo ta tsuguna kusa da gwaggo, tana kwalfar ruwan da ya taru a ɓarin tukunya da ƙoƙo, tana hurawa tana ba ɗanta.

Dattijon ne ya ja gwaggo daga bakin wutar. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa mata, ya tsaya a kan yayana da sandarsa yana cewa duk wanda ya ƙara bugu sai ya fara da shi. Ƙannen dillalin suka kwashi masu rauninsu suka tafi, sauran suka bi su ɗaya-ɗaya, ba mai duban wani. Dattijon da wani ɗansa suka ɗora gwaggo a jakin yayana, suka saɓa yayana a kan ƙyauren da suka ciro, muka fita bakin hanya. Wani direban da ya saba zama a rumfarmu ya tsaya ya kwashe mu zuwa Gumel. Dattijon bai hau ba. Ya tsaya a bakin hanya ba riga, har muka sha kwana.

A asibiti aka ɗinke mini leɓe, aka ɗaure mini kafaɗa. Haƙorana na gaba sun tafi. Yayana ya yi kwanaki bai san inda yake ba, ɗan sanda yana zaune a bakin gadonsa, da ya warke aka kai shi gaban alƙali aka ɗaure shi. Dillalin ya rayu, amma har ya mutu ta gefen baki yake magana. Wanda gwaggo ta watsa wa ruwa ya rasa ido ɗaya. Maganar ƙona gida kuwa, aka ce taron jama'a ne, ba a san wanda ya sa wutar ba.

Mahaifina ya zo daga Gagarawa a keke. Ya tsaya a ƙofar ɗakin mata yana juya hularsa, ya kasa shiga, sai da gwaggo ta hango shi.

“Ka zo ka yi mini wa'azi ne?” in ji ta.

“A'a, Yaya. Na zo in tafi da ke gida.”

“Ba zan yi salla ba.”

“Ban ce ki yi ba.”

Ta juya fuska wajen bango. Shi kuma ya zauna a ƙasa gefen gadon, ya ɓare goro ya miƙa mata rabi.

Da aka sallame ta muka koma Gagarawa. Ƙunar ta warke amma ta janye mata jijiyoyi, ƙafafun suka lanƙwashe, ba ta ƙara miƙewa tsaye ba. Mahaifina ya ba ta ɗakin da ke kusa da nasa. Takan ja gindi ta fito bakin ƙofa ta zauna tana ba matan gida umarni, tana kushe musu tuwo. Ruwa ya dawo, aka yi shuka, aka girbe, na sake yin aure a nan cikin garin.

Ranar da aka sako yayana ya iso da la'asar, ya rame, da dogon tabo a ƙeya. Ya gaida mahaifinmu, sannan ya nufi inda gwaggo take. Ta janye zanenta ta rufe ƙafafun, amma ya riga ya gani. Ya durƙusa a gabanta ya kifa kai a ƙasa, kafaɗunsa suna rawa. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta dunguri kansa.

“Tashi, ɗan nan. Tun da na zo gidan nan nake son zama a gindin kuka can ta ƙofar gida, ba mai iya ɗaukata.”

Ya juya mata baya, ta kama wuyansa, ya miƙe da ita yana ɗingishi. Daga ranar kullum da safe kafin ya tafi gona sai ya goya ta ya kai ta gindin kukar, da yamma ya dawo da ita. A can take wuni, tana tsinkar zogale, tana tare masu wucewa da tambayar labarin kasuwa. Ta ga damina uku a haka. Da ta rasu mutanen unguwa suka yi ta shawarar yadda za a yi da ita, tunda ba musulma ba ce. Mahaifina bai jira su gama ba. Ya ɗauki fartanya, yayana ya ɗauki shebur, suka haƙa mata a gefen gonarmu, mu mata muka yi mata wanka, su biyun suka kai ta.